Geoffrey Chaucer Da Asalin Sunansa

Sunan nan Chaucer daga tsohon Faransanci ya fito, ma'anarsa mai ɗinkin safa da takalma, kusan dai baduku ke nan. Dā Ingilishi ba su da sunan iyali, sai laƙabi irin namu na Audu Maƙeri. Bayan da mutanen Normandi suka ci Ingila cikin 1066, sannu a hankali laƙabin uba ya riƙa bin ɗa, ko ɗan bai taɓa sana'ar ba. Haka Smith, watau maƙeri, ya zama sunan gado.

Geoffrey kuwa ba a ɗinki ya tashi ba. An haife shi a London wajen 1343, ubansa attajiri ne mai fataucin ruwan inabi. Tun yana yaro ya shiga barantaka a gidan sarauta. Ya tafi yaƙin Faransa aka kama shi, cikin 1360 Sarki Edward III ya ba da fam 16 cikin kuɗin fansarsa. Cikin 1374 aka sa shi duba kwastan na tashar London, yana yini a kan lissafin ulu da fatu.

Abin da ya fi ba ni sha'awa, mutum mai sunan Faransanci, a zamanin da manya suka fi girmama Faransanci da Latin, shi ne ya zaɓi harshen garinsu ya rubuta Canterbury Tales. Bai gama littafin ba ya mutu cikin 1400, aka binne shi a Westminster Abbey.