Mai kamfanin giyar da ya bar mana pH

Ni dai ban taɓa kurɓar giya ba, amma a darasin kemistiri na ci karo da sunan J.C. Jacobsen. An haife shi a 1811 a Kopenhagen, babban birnin Denmak, ya gaji sana'ar dafa giya wurin mahaifinsa. A 1847 ya kafa kamfanin Carlsberg da sunan ɗansa Carl, kamfanin da ya mai da giya babbar sana'a a birnin.

A zamanin, giya kan lalace a tukunya ba a san dalili ba. Sai ya buɗe ɗakin bincike a 1875. A nan Emil Hansen ya ware tsantsar yis a 1883, Jacobsen kuwa ya ba abokan gasarsa kyauta.

A gida fa? Shi da Carl sun yi shekaru ba sa ga-maciji, har ya bar wa gidauniya kamfanin maimakon ɗan. Sun shirya a 1886, ya mutu a Rum a 1887.

A wannan ɗakin Sørensen ya ƙirƙiro ma'aunin pH a 1909. To 'yan SLT, gobe in kun tsoma litmus, kun san daga ina lambar ta fito.