Friedrich Miescher: Likitan da ya fara riƙe DNA a hannunsa bai san darajarsa ba

A yau kalmar DNA ta shiga bakin kowa, daga kotuna zuwa asibitoci, amma kaɗan ne suka san sunan mutumin da ya fara ware wannan sinadari. Shi ne Friedrich Miescher, likita ɗan ƙasar Suwizalan, wanda ya gano shi a shekarar 1869, ya kuma shafe shekaru masu yawa yana nazarin maniyyin kifi domin fahimtar sirrin haihuwa.

An haifi Miescher ranar 13 ga Agusta, 1844, a birnin Basel, a gidan ilimi. Mahaifinsa malamin likitanci ne a jami'a, haka ma kawunsa Wilhelm His, wanda ya shahara a ilimin tsarin jikin ɗan Adam. Ya kammala karatun likita a 1868, sai dai zazzaɓin taifot da ya yi fama da shi yana ɗalibi ya raunana masa ji. Likitan da ba ya ji sosai zai sha wahala wajen sauraren ƙirjin majiyyaci, don haka ya karkata ga ɗakin gwaje-gwaje.

Da wannan niyya ya tafi garin Tübingen na ƙasar Jamus, wajen Farfesa Felix Hoppe-Seyler, wanda ɗakin bincikensa ke cikin wata tsohuwar fada, a ɗakin da a da ake girki. Burin Miescher shi ne ya san sinadaran da suka haɗu suka yi ƙwayar halitta. Ya zaɓi fararen ƙwayoyin jini, kuma hanya mafi sauƙi ta samun su a lokacin ita ce mugunyar da ke jikin bandejin da aka cire wa majiyyata a asibitin garin. Ya riƙa wanke bandejin, yana tace ƙwayoyin, har ya ware cibiyarsu. A cikinta ya tarar da wani abu mai yawan fosfarus, wanda sinadaran da ke narkar da furotin suka kasa narkar da shi. Ya sa masa suna nuclein, wato abin da ke cikin cibiya.

Malaminsa bai yarda da sakamakon kai tsaye ba. Sai da ya maimaita gwajin da kansa, shi ya sa ba a buga rahoton ba sai 1871. A shekara mai zuwa aka naɗa Miescher farfesa a Jami'ar Basel, a kujerar da kawunsa ya bari, yana da shekara 28.

Komawarsa gida ta ba shi abin da ya fi mugunya tsabta da yawa. Kogin Rhine ya ratsa Basel, kuma a wancan zamani kowace shekara kifin salmon kan hauro daga teku zuwa cikinsa don ya hayayyafa. Kan ƙwayar maniyyi kusan duk cibiya ce, saboda haka maniyyin wannan kifi ya zame masa ma'adanar nuclein. Aikin ba mai daɗi ba ne. Sinadarin yana lalacewa da ɗumi, don haka yakan fara tun da asuba a ɗaki marar abin ɗumamawa, a tsakiyar sanyin hunturun Turai. A 1874 ya buga sakamakon, inda ya bayyana wani sabon abu da ke manne da nuclein a kan maniyyi, ya kira shi protamine. Masana sun tabbatar daga baya cewa shi ne ke naɗe DNA ya matse shi cikin ɗan ƙaramin kan maniyyi, kuma tangarɗa a wannan naɗi tana cikin abubuwan da ake dangantawa da rashin haihuwa daga ɓangaren namiji.

Ya kuma bibiyi rayuwar kifin kansa, ya nuna cewa salmon ba ya cin abinci bayan ya shigo kogi, jikinsa ne ke narkar da tsokarsa ya gina ƙwai da maniyyi da ita. A 1885 ya jagoranci buɗe cibiyar bincike ta Vesalianum a Basel.

Duk da haka, Miescher ya tsaya a bakin ƙofar gaskiyar da ya nema bai shiga ba. Ya taɓa tunanin ko nuclein ne ke da alhakin haɗuwar maniyyi da ƙwai, amma ya janye, domin a ganinsa sinadari guda ba zai iya ɗaukar bambancin da ke tsakanin dubban halittu ba. Wasu masanan zamaninsa, kamar Oscar Hertwig, sun fi shi kusantar amsar. Tarin fuka ya kama shi, ya rasu a garin Davos ranar 26 ga Agusta, 1895, yana da shekara 51.

Sai a 1944 Oswald Avery da abokan aikinsa a Amurka suka nuna cewa DNA ne ke ɗauke da saƙon gado. A 1953 James Watson da Francis Crick suka bayyana siffarsa a Ingila, bisa taimakon hotunan da aka ɗauka a ɗakin binciken Rosalind Franklin. Tsakanin ganowar Miescher da wannan rana akwai shekara 84.

Amfanin wannan doguwar tafiya ya iso Najeriya ta fuskoki da dama. Allurar insulin nau'in NPH da masu ciwon suga ke yi tana ɗauke da protamine, wanda ke sa maganin ya daɗe yana aiki a jiki. Fahimtar yadda ciwon sikila ke ratsowa daga iyaye zuwa 'ya'ya, wadda ta sa ake gwajin jini kafin aure, reshe ne na ilimin gado. A 2016, da aka sami yara masu shan-inna a ƙananan hukumomin Gwoza da Jere na jihar Borno, karanta tsarin gadon ƙwayar cutar ne ya nuna cewa tana da alaƙa da wadda aka gani a jihar tun 2011, ma'ana ta shekara biyar tana yawo a ɓoye a yankunan da rikici ya hana ma'aikatan lafiya shiga. Wannan ya sa aka tsananta rigakafi a yankin Tafkin Chadi, kuma ɗakin gwajin shan-inna na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri yana cikin cibiyoyin da ke sa ido kan cutar. A watan Agustan 2020 aka ayyana Afirka a matsayin nahiyar da ta rabu da shan-inna na asali.

Bayan rasuwar Miescher, kawunsa Wilhelm His ya tattara ayyukansa da wasiƙunsa ya buga su a 1897. A yau akwai cibiyar bincike mai ɗauke da sunansa a Basel da wata a Tübingen, kuma tsohon ɗakin girkin fadar da ya fara aikinsa an mayar da shi gidan tarihi.