Sarkin Kano Muhammadu Rumfa (1463–1499) da Tsara Shimfiɗar Birnin Kano

1.0 Gabatarwa

A jami'o'in duniya ana koyar da wani fanni mai zaman kansa da ya shafi tsara shimfiɗar ƙasa, wato tantance inda za a yi gini, da inda za a bar fili, da hanyar da ruwa zai bi, da itatuwan da za a raya. Masu rubuta tarihin fannin sukan faro shi daga Frederick Law Olmsted, wanda shi da Calvert Vaux suka tsara babban lambun shaƙatawa na birnin Niyok a 1858, kafin Jami'ar Harvard ta fara koyar da shi a 1900. Sai dai aikin ya girmi sunan da aka raɗa masa. Kusan shekara ɗari huɗu kafin wancan lambu, Sarkin Kano Muhammadu Rumfa ya zauna a kan irin waɗannan tambayoyi, kuma har yau mutanen Kano suna tafiya a kan amsoshin da ya bayar. An fi tuna shi da kakaki da figini da sauran kayan alfarmar sarauta. Wannan maƙala ta bi rayuwarsa ta fuskar abin da ya yi da ƙasa da ruwa da fili.

2.0 Asalinsa da Zamaninsa

Babban tushen labarin Rumfa shi ne kundin Tarihin Kano da aka rubuta da Larabci, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Ingilishi a 1908, aka kuma fitar da shi da Hausa a cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu. Shekarun Miladiyya da ake jingina wa sarakunan an ƙirga su ne daga tsawon mulkin da kundin ya ba kowane sarki. Bisa wannan lissafi, Rumfa shi ne sarki na 20 daga Bagauda, ɗan Sarki Yakubu (1452–1463), jikan Abdullahi Burja (1438–1452), kuma ya yi shekara 37 a kan gado.

Ya gaji gari mai cika yana batsewa. A zamanin Sarki Dauda wani basarake da ake kira Dagaci ya zo daga Barno da jama'a masu yawa ya zauna. A zamanin kakansa Burja aka buɗe hanyar fatauci zuwa Gwanja, aka kuma kafa garuruwan bayi a karkara. A zamanin mahaifinsa Fulani suka zo daga Malle da littattafan tauhidi da na lugga, fatake kuma suka yawaita. Ganuwar da Gijimasu (1095–1134) ya fara, ɗansa Tsaraki ya kammala, an yi ta ne domin ƙaramin garin da ya taru a gindin Dala. Lokacin da Rumfa ya hau, baƙi da dukiya sun fi ƙarfin wannan da'ira.

3.0 Fada da Ganuwa

Aikinsa na farko shi ne ɗauke mazaunin sarauta daga tsohon gari. Ya gina sabuwar fada a kudu, a wani sarari da ke wajen tsohuwar ganuwa, wadda ake kira Gidan Rumfa har yau, mai faɗin kimanin eka 33. Ruwayar baka ta ce ya zauna a Gidan Makama kafin ya tare. Fadar ba ɗakuna da soraye kaɗai ta ƙunsa ba, har da filaye masu itatuwa da ake kira sheka, da wuraren ajiyar hatsi. Nazarin Ruƙayyatu Ahmad Rufa'i a kan gidan, da na Heidi Nast wanda ya fito a 2005, sun nuna cewa rabon sassan gidan tsakanin sarki da matan aure da ƙwaraƙwarai da bayi shi kansa tsarin mulki ne aka shimfiɗa a ƙasa. Nast ta nuna musamman yadda ƙwaraƙwarai suke da hannu a sha'anin hatsin da ke shigowa daga karkara.

Bayan fada sai ya faɗaɗa ganuwa domin ta rungumi sabon gidan. Kundin ya ce aikin ya tashi daga Ƙofar Dagaci ya nufi Ƙofar Mata, ya zarce Ƙofar Gyartawasa da Ƙofar Kawaye, sannan daga Ƙofar Na'isa zuwa Ƙofar Kansakali. Abin lura shi ne, ƙasar da aka zagaye ta fi buƙatar gidajen lokacin nesa ba kusa ba. Hikimar a fili take: garin da maƙiya suka yi wa ƙawanya yana buƙatar gona da makiyaya da ruwa a cikin ganuwarsa, da kuma masauki ga mutanen ƙauye idan suka gudo da dabbobinsu. Da Hugh Clapperton ya shiga Kano a 1824, bayan ƙarin faɗaɗawar da aka yi a ƙarni na 17, ya kiyasta cewa gidaje ba su ci fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na cikin ganuwa ba, saura gonaki ne da lambuna. Heinrich Barth ma ya tarar da irin waɗannan filaye a 1851.

Ginin ƙasa yana barin rami a duk inda aka haƙi yumɓun tubali. Waɗannan ramuka su ne suka zama kududdufan cikin gari, masu tare ruwan damina kafin ya shiga gidaje. Haka gini da magudanar ruwa suka zama aiki guda.

4.0 Kasuwa da Masallaci da Filin Idi

A tsakiyar tsohon gari akwai dausayin Jakara, wanda kundin ya ce ana kiransa Kurmin Baƙin Ruwa, saboda duhun ruwansa da kurmin da ya kewaye shi, kuma wurin tsafi ne ga mutanen farko. A gefen wannan ruwa Rumfa ya kafa Kasuwar Kurmi, wadda ta ɗauki sunanta daga wurin. Da wannan ya mayar da dajin da ake tsoro ya zama matattarar fataken Barno da Azbin da Gwanja da Arewacin Afirka. Clapperton ya iske kasuwar tana ci a kan wani tudu da ya ratsa dausayin.

A zamaninsa ne kuma Sharifai suka iso Kano. Kundin ya ambaci jagoransu da sunan Abdurrahman, daga baya ya ce Abdulkarim, masana kuwa sun tafi a kan cewa Shehu Muhammadu ɗan Abdulkarim al-Magili ake nufi, mutumin Tilimsan, wanda ya zo wajen 1492. Ruwayar zuwansa ma a kan ƙasa ta ginu: an ce ya ɗebo ƙasar Madina yana gwada ta da ta kowane gari, bai sami wadda ta dace da ita ba sai a Kano. Shi ya rubuta wa Rumfa risalar Tajuddin a kan wajiban sarakuna, ya kuma umarce shi da gina masallacin Juma'a, da sare bishiyar da ake girmamawa a gina hasumiya a gurbinta. Ya bar Sidi Fari a madadinsa, wanda zuriyarsa ke unguwar Sharifai. Har wa yau a zamanin Rumfa aka fara sallar Idi a filin Shadakoko. Da haka birnin ya sami cibiyoyi huɗu, fada da kasuwa da masallaci da filin Idi, kowace da sararin da zai ɗauki taro.

5.0 Mulki da Yaƙi da Karkara

Rumfa ya kafa majalisar Tara ta Kano, ya naɗa babanni a manyan muƙamai irin su Ma'aji, ya fara kulle, ya fito da dawakin zage. Kundin bai ɓoye ɗaya fuskar ba: ya ce shi ya fara kame, ya kuma sa ana ɗauko masa 'yan mata daga garuruwan bayi. Ganuwa da soraye masu wannan girma ba su tashi sai da ƙarfin bayi da talakawa, waɗanda tarihi bai riƙe sunayensu ba.

Ya yi yaƙi da Katsina shekara 11 ba tare da wani ya rinjayi wani ba. Ƙasar da ke tsakanin biranen biyu, wadda a yau titin Kano zuwa Katsina ke ratsawa ta Bichi da Tsanyawa, ta daɗe tana zaman iyaka a irin waɗannan yaƙe-yaƙe. Karkarar Kano kuwa ita ce ɗaya rabin tsarin Rumfa, domin kasuwa da rumbunan fada da ita suka dogara. Michael Mortimore, wanda ya yi nazarin yankin a shekarun 1960, ya bayyana yadda manoman kewayen birni ke noma gona ɗaya kowace shekara, suna ɗauko taki daga gari a kan jakuna, suna kai masa itace da hatsi. A gonakin Tsanyawa ana ganin irin wannan ilimi a tsaye: gawo da ɗorawa da kuka da tsamiya da aka bari da gangan a tsakiyar gero da dawa. Gawo yana zubar da ganye da damina ya bar wa shuka rana, da rani kuma ya ba dabbobi inuwa da abinci. Manomin da ya zaɓi bishiyar da zai bari da sarkin da ya zaɓi filin da ba za a gina ba, tunani ɗaya suke yi.

6.0 Rasuwarsa da Abin da ya Bari

Rumfa ya rasu a 1499, ɗansa Abdullahi ya gaje shi. Matarsa Hauwa, wadda aka sani da Madaki Auwa, ta ci gaba da faɗa a ji har zamanin jikansu Muhammadu Kisoki (1509–1565). Bayan jihadi sarakunan Fulani sun zauna a gidansa, sun yi ƙare-ƙare irin su Ƙofar Kudu, amma ba su canza wurin ba.

7.0 Kammalawa

A 2007 Nijeriya ta sa ganuwar Kano da Dala da Kasuwar Kurmi da fadar sarki a jerin wuraren da take neman UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihin duniya. Gidan Makama ya zama gidan tarihi, an kuma gina kwaikwayon wani sashe na ganuwar a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos. Duk da haka, a cikin birni an ci badala da gine-gine a wurare da dama, an cike kududdufai da yawa an yanka filoti, Jakara kuma ta koma magudanar ƙazanta a cikin siminti, unguwanni suna fama da ambaliya duk damina. Gidan tarihi yana iya adana ƙyauren ƙofa, amma ba ya iya adana fili ko kududdufi, alhali su ne rabin aikin Rumfa. Ya kamata masu nazarin Hausa su tattara sunayen kududdufai da filaye da itatuwan unguwanni daga bakin dattawa, su miƙa wa masu tsara birane, tun sauran da suka rage ba su bi sahun 'yan'uwansu ba.