George Washington Carver

George Washington Carver (an haife shi wajajen 1864, ya rasu ranar 5 ga Janairu, 1943) masanin aikin gona ne baƙar fata ɗan Amurka. An fi saninsa da gyaɗa, amma babban aikinsa shi ne koya wa ƙananan manoma ciyar da iyalansu daga abin da suka shuka.

Farkon rayuwa

An haife shi cikin bauta a Diamond, jihar Missouri, a gonar Moses Carver. Yana jariri aka sace shi tare da mahaifiyarsa; an dawo da shi, ita kuwa ba a sake ganinta ba. Wata kwaleji a Kansas ta ƙi karɓarsa saboda launin fatarsa. Daga baya ya shiga kwalejin aikin gona ta jihar Iowa, inda ya samu digiri na biyu a 1896.

Aiki a Tuskegee

A shekarar ce Booker T. Washington ya gayyace shi Cibiyar Tuskegee da ke Alabama. Ya tarar noman auduga shekara da shekaru ya kashe ƙasa. Yawancin manoma baƙaƙe haya suke a gonakin wasu, bashi ya yi musu katutu, abincinsu bai wuce garin masara da kitse ba. Tun da ba su da kuɗin takin zamani, Carver ya koya musu haɗa taki da ganyaye da kashin dabbobi, da sauya auduga da wake ko gyaɗa domin ƙasa ta farfaɗo. Ya kuma matsa musu su yi lambu kusa da gida, su riƙa busar da kayan miya domin lokacin sanyi.

A 1906 aka fara zagaya ƙauyuka da keken doki da ya tsara, mai suna Jesup, ɗauke da iri da kayan aiki. Ya rubuta ƙasidu 44 cikin sauƙin harshe. Ta 1916 ta kawo hanyoyi 105 na sarrafa gyaɗa, ta 1918 kuma 115 na tumatir. Ana yawan cewa shi ya ƙirƙiro niƙaƙƙiyar gyaɗar da ake shafa wa burodi, amma an san ta tun kafin shi.

Rasuwa

Carver bai yi aure ba. Ya rasu a Tuskegee bayan shekara kusan 47 yana aiki a can, aka binne shi kusa da Booker T. Washington.