Waldemar Haffkine, masanin da ya fara gwada allurarsa a jikinsa kafin ya yi wa leburorin Indiya

A watan Satumban 1896 wata annoba da ƙumar ɓeraye ke yaɗawa, mai kumbura kaluluwa, ta ɓulla a unguwannin tashar jiragen ruwa ta Bombay, birnin da a yau ake kira Mumbai. Hukumar mulkin mallaka ta Ingila ta tunkari lamarin da ƙarfin tuwo. Ana kutsawa gidaje, ana kwasar marasa lafiya zuwa asibiti ko sun ƙi ko sun so. Ma'aikatan masaƙu suka fusata har suka far wa asibitin Arthur Road, dubban ɗaruruwan mutane kuma suka tsere daga birnin, masaƙu da kasuwanni suka rasa masu aiki. A wannan hali ne aka kira Waldemar Haffkine.

An haife shi a Odesa a 1860, lokacin tana ƙarƙashin daular Rasha. Ya yi karatu a hannun Ilya Mechnikov, amma kasancewarsa Bayahude ya toshe masa hanyar zama farfesa. Ya tafi Janeba, daga nan ya wuce Cibiyar Pasteur da ke Faris a 1889, inda gurbin da ya samu kawai shi ne na mataimaki a ɗakin karatu. A can ya haɗa rigakafin kwalara, kuma ranar 18 ga Yulin 1892 ya tsira wa kansa allurar.

Da ya isa Indiya a 1893, ya tarar cewa haɗa magani ya fi sauƙi a kan shawo kan mai karɓarsa. Likitocin Turawa na yi masa kallon bare, domin shi masanin ƙwayoyin cuta ne, ba likita ba. Talakawan Kalkata kuwa ba su ga dalilin da mai lafiya zai miƙa jikinsa ga baƙo ba. Sai ya riƙa tafiya da likitoci 'yan ƙasa, yana yi wa kansa allurar a gaban jama'a, yana kuma shiga unguwanni da asuba kafin a fita nema, da daddare bayan an dawo. Wannan lura da lokacin lebura ba ƙaramin abu ba ne, ga wanda abincin gidansa ya rataya a kan aikin yini. Zuwa 1895 an yi wa fiye da mutum 40,000, ciki har da ma'aikatan gonakin shayi na Assam.

A Bombay an ba shi ɗan ƙaramin ɗaki a kwalejin likitanci ta Grant. Cikin wata uku ya fitar da rigakafin, ya gwada a jikinsa ranar 10 ga Janairun 1897. Da cutar ta shiga kurkukun Byculla, fursunoni 147 suka amince aka yi musu, 172 ba a yi musu ba. Shida suka mutu cikin waɗanda ba a yi wa ba, babu ko ɗaya cikin waɗanda aka yi wa.

Duk da haka ɗari-ɗarin bai gushe ba, kuma ba duka ne jahilci ba. Allurar tana kawo zazzaɓi da kumburi na kwana ɗaya ko biyu, wanda ga ɗan ƙwadago ke nufin asarar lada. An raini ƙwayar cutar a romon nama, abin da ya tayar da hankalin masu ƙyamar nama saboda addini. Ga kuma jita-jitar cewa tana kashe mazakuta. Haffkine ya tsaya a kan cewa a bar wa mutane zaɓi. Abin da ya fi buɗe ƙofa shi ne matakin Aga Khan na uku, wanda ya karɓi allurar, ya ba shi gida ya mayar ɗakin gwaje-gwaje, dubban mabiyansa kuma suka bi sahu.

A watan Oktoban 1902, a ƙauyen Mulkowal na Punjab, mutum 19 suka mutu da cutar sarƙewar haƙora bayan an yi musu allura daga kwalba guda. Kwamitin bincike ya ɗora wa ɗakin gwajinsa laifi, aka tuɓe shi daga muƙaminsa. Alhali kuwa a wurin allurar ne hantsakin buɗe kwalbar ya faɗi ƙasa, aka ɗauka aka ci gaba da aiki ba tare da an tsabtace shi yadda ya kamata ba. Da alama hukuma ta ga ya fi mata sauƙi ta sadaukar da baƙo a kan ta amsa sakacin jami'anta. Sai a 1907, bayan Ronald Ross da wasu manyan masana sun fito fili sun kare shi, aka wanke shi.

Ya koma aiki a Kalkata, amma bai ƙara riƙe ragamar aikin rigakafin annobar ba, har ya yi ritaya a 1914. A 1925 aka raɗa wa ɗakin gwaje-gwajen Bombay sunansa. Ya rasu a Lozan ta ƙasar Suwizalan ranar 26 ga Oktoban 1930, yana da shekara 70.