Nehemiya, Mutumin da Ya Hau da Godiya Bisa Garu

Karatu: Nehemiya 12:27-43

Nehemiya ɗan Hakaliya Bayahude ne da ke zaman baƙunci a Shushan, shi ke miƙa wa Artashate sarkin Farisa abin sha. Wajen shekara ta 445 kafin haihuwar Almasihu, ɗan'uwansa Hanani ya kawo masa labari cewa garun Urushalima a rushe yake, ƙofofinta kuma an ƙone su. Duk wanda ya taɓa komawa ƙauyensu a yankin Tsamaye, Sabon Birni ko Isa, ya tarar da rumbu ya zama toka, ya san nauyin irin wannan labari.

Nehemiya ya yi kuka, ya yi azumi da addu'a. Bayan wajen wata 4 ya roƙi sarki izini, ya tafi Urushalima. Da dare ya fara zaga kangon, kafin ya faɗa wa kowa nufinsa. Da aka soma gini, Sanballat da Tobiya suka yi ta ba'a, har Tobiya ya ce ko dila ya hau garun zai rushe shi. Ma'aikata suka ci gaba, hannu ɗaya a aiki, ɗaya riƙe da makami. Ga yunwa kuma, talakawa sun jinginar da gonakinsu. Nehemiya ya sa masu hali suka mayar musu, shi kansa ya yi shekara 12 yana gwamna bai ci abincin da ake ba gwamna ba. Cikin kwana 52 aka gama garun.

Ranar keɓe garun, ya raba mawaƙa ƙungiya biyu manya. A nan akwai kalmar Ibrananci da ta isa a lura da ita: toda. Ma'anarta godiya da ake furtawa a fili. Ita ce sunan hadayar godiya a Littafin Firistoci sura 7, ita ce kuma a kan Zabura 100. Amma a Nehemiya 12:31, ƙungiyoyin mawaƙan ne aka kira todot, wato jam'in toda. Mutanen da kansu sun zama godiya mai tafiya da ƙafa.

Ƙungiya ɗaya ta bi dama, Ezra yana gaba. Ɗaya ta bi ɗaya gefen, Nehemiya yana biye. A bisa garun nan da aka ce ba zai ɗauki dila ba suka yi tafiya, har suka haɗu a Haikali. Mata da yara suka yi murna, aka ji sowarsu daga nesa. Ka lura, magabta ba su ƙare ba, Tobiya ma daga baya har ɗaki ya samu a farfajiyar Haikali. Nehemiya bai jira sai komai ya daidaita kafin ya shirya godiya ba.

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, wataƙila bana ba ka iya zuwa gonarka ba, ko danginka suna gudun hijira a Maraɗi. Duk da haka akwai abin da Ubangiji ya riga ya tsayar maka. Tsaya a kansa yau, ka ambaci sunansa da bakinka a gaban iyalinka.

Addu'a: Ya Uba, ka mai da ni da gidana toda a gabanka, ka sāke gina abin da aka rushe mana, cikin sunan Yesu. Amin.