Coluche, ɗan barkwancin Faransa da ya buɗe wa mayunwata gidajen abinci

Masu saurarenmu da ke zaune a Faransa sun san Restos du Cœur, gidajen nan da ake rabon abinci kyauta in sanyi ya shigo. Yau za mu ba ku tarihin wanda ya kafa su, mutumin da sana'arsa ta kusa da ta 'yan kamanmu, sai dai shi shugabanni yake yi wa shaƙiyanci.

Sunansa na yanka Michel Colucci. An haife shi a Paris ranar 28 ga Oktoba 1944. Ubansa ɗan Italiya ne, ya rasu yaron yana da shekara uku, uwar ta rene shi cikin talauci a Montrouge. Lakwal bai yi nisa ba. Ya taɓa wannan aiki, ya taɓa wancan, har a 1969 ya shiga 'yan wasan Café de la Gare.

Daga 1974 ya fara tsayawa shi kaɗai gaban jama'a, da kayan leburori masu zane shuɗi da fari, hanci ja. Yakan kwaikwayi ɗan sanda, ko mashayi, ko mai ƙyamar baƙi, ya yi magana da bakinsu har mutane su ji wautar abin. Bakinsa fa ba linzami, ashar ma yana yi, kuma a 1980 gidan rediyon RMC ya sallame shi. A sinima ya fito ɗan Louis de Funès cikin L'Aile ou la Cuisse a 1976.

A Oktoba 1980 ya ce zai nemi shugabancin ƙasa. An ɗauka wasa ne, sai wani ƙiyasi ya ba shi 16 cikin 100. Nan hankalin manya ya tashi. Aka rufe masa ƙofofin rediyo da talabijin, aka riƙa yi masa barazanar kisa, ya janye kafin zaɓen 1981. Abin da ya biyo baya ya fi ciwo: aurensa ya mutu, ya faɗa shaye-shaye, a 1982 kuma amininsa Patrick Dewaere ya kashe kansa da bindigar da Coluche ya ba shi kyauta.

Da wannan baƙin cikin ya shiga fim ɗin Tchao Pantin na Claude Berri a 1983. Ya fito a Lambert, tsohon ɗan sanda mai sayar da mai cikin dare, wanda giya ta cinye tun da ƙwaya ta kashe masa ɗa. Babu dariya ko ɗaya a ciki. Mu dai a ganinmu, nan ne aka san mutumin ya iya. A 1984 aka ba shi kyautar César ta gwarzon ɗan wasa.

Ranar 26 ga Satumba 1985 ya yi kira ta rediyon Europe 1 a taimaka a ciyar da marasa hali. A sanyin farko kaɗai an raba abinci sau miliyan 8 da rabi.

Bai ga sanyi na biyu ba. Ranar 19 ga Yuni 1986, yana bisa moto kusa da Opio a kudancin Faransa, ya yi karo da kamyo, ya rasu yana da shekara 41. A 1988 aka yi dokar da ake kira da sunansa, wadda ke rage wa mai ba irin waɗannan ƙungiyoyi sadaka haraji.